Yadda Ake Zaɓar Ƙananan Sifikoki Masu Dacewa da Amfilifayar da Kake da Ita Idan Kuɗi Ba Su da Yawa

Wanda ya riga ya mallaki amfilifaya mai kyau, ko ta gado ce ko ta hannu ya saya, ya rage wa kansa rabin wahalar zaɓe, domin amfilifayar ce za ta faɗa masa irin sifikar da za ta iya ɗauka da wadda ba za ta iya ba. Abin takaicin shi ne yawancin masu saye lamba ɗaya kawai suke dubawa, wato yawan wat da aka rubuta a kwali, sai su nemi sifikar da lambarta ta yi daidai da ta amfilifaya su ɗauka cewa an gama. A cikin duk lambobin da ke jikin sifika, wannan ce mafi ƙarancin amfani. Abubuwan da ke yanke hukunci su ne turjiyar sifikar, da yawan ƙarar da take bayarwa a kan wuta kaɗan, da ɗakin da za a ajiye ta, kuma duka ukun ana iya tantance su kafin a fitar da ko kwabo.

Mataki na farko: juya amfilifayar ka karanta bayanta

Kusa da ramukan da ake ɗaura wayar sifika, masu launin ja da baƙi, akwai ɗan rubutu mai alamar Ω, wato om, ma'aunin turjiyar sifika. Wata za ka ga an rubuta 4–16 Ω, wata 6–16 Ω, wata kuma 8–16 Ω. Lambar farko ita ce iyakar da masu ƙera ta suka yarda a sauka, kuma ita za ka rubuta a takarda kafin komai. Idan amfilifayar tana da wurin sifikoki biyu-biyu, A da B, yawanci akwai rubutu na biyu da ke cewa idan za a kunna A da B tare, kowace sifika kada ta gaza 8 Ω, saboda a akasarin amfilifayoyi ana haɗa su ne kafaɗa da kafaɗa, sifika biyu masu 8 Ω sai su zama 4 Ω a wurin amfilifaya.

Bayan haka ka nemi ainihin ƙarfinta a littafin da ya zo da ita, ko ka binciki lambar samfurinta a intanet. Ƙarfin da ake dogara da shi shi ne wanda aka bayyana a matsayin mai ɗorewa, wanda ake yi wa alamar RMS, ga kowane ɓangare, a kan 8 Ω, kuma ɓangarorin hagu da dama suna aiki lokaci guda. Lambar PMPO da ake bugawa da manyan haruffa a wasu kayan sauti talla ce, ba ma'auni ba, kada ka gina lissafi a kanta. Haka nan lambar wat da ke kusa da wayar wuta tana nuna abin da na'urar take sha daga soket ne, ba abin da take aika wa sifika ba.

Idan littafin ya kawo ƙarfi a kan 8 Ω da kuma a kan 4 Ω, ka kwatanta su, domin a nan ake gane amfilifaya mai ƙashi. Wadda ke ba da wat 40 a kan 8 Ω ta kuma hau zuwa 60 ko 70 a kan 4 Ω tana da taransifoma da ke iya tura wuta idan an nema. Wadda ba a ambaci 4 Ω a bayaninta ba ko kaɗan, a ɗauka ba ta son sa. Tsohuwar NAD 3020 da ta fito a 1978 wat 20 kacal aka rubuta mata ga kowane ɓangare, amma ta yi suna ne saboda tana juya sifikoki masu wuyar sha'ani waɗanda wasu masu lamba ninki biyu suke kasawa a kansu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa lambar wat ba ta ba da cikakken labari.

Mai amfilifayar kwalba, irin mai fitilun gilashi da ke yin ja idan sun yi zafi, yana da ƙarin ƙa'ida: ramukanta na baya sukan rabu gida biyu, na 4 Ω da na 8 Ω, a ɗaura sifika a wanda ya dace da ita, kuma kada a kunna ta ba tare da an haɗa sifika ba, domin hakan na iya lalata taransifomar fitar da sauti.

Mataki na biyu: tabbatar da cewa sifikar ba mai wutar kanta ba ce

Ƙananan sifikoki iri biyu ne a kasuwa. Akwai masu amfilifaya a cikinsu, waɗanda za ka gan su da wayar soket da maɓallin ƙara sauti a baya, akwai kuma waɗanda ba su da komai sai ramuka biyu, ja da baƙi. Na biyun kake nema. Na farkon ba a haɗa su da ramukan sifika na amfilifaya, kuma sayen su yana nufin biyan kuɗin abin da kake da shi a gida.

Mataki na uku: turjiya

Turjiya ita ce gwargwadon yadda sifika take tare wutar da amfilifaya ke turo mata, kuma da om ake auna ta. Idan lambar ta yi ƙasa, sifikar tana jan wuta da yawa, amfilifaya ta ƙara zafi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne lambar da ke jikin sifika, 4 ko 6 ko 8, matsakaiciya ce kawai da aka zaɓa don sauƙin magana. A zahiri turjiyar tana hawa tana sauka gwargwadon sautin da ake bugawa: a wani amon ta haura 20 Ω, a wani kuma, musamman a sashen da ke tsakanin bes da murya inda kiɗa ya fi nauyi, ta faɗi ƙasa sosai. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta hukumar IEC, mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki, ta ce mafi ƙanƙantar turjiya kada ta gaza kashi 80 cikin 100 na lambar da aka rubuta, wato sifika mai 8 Ω kada ta sauka ƙasa da 6.4 Ω, amma ba kowane kamfani ne ke bin wannan ba, kuma ba abin mamaki ba ne a ga sifikar da aka rubuta wa 8 Ω tana sauka kusa da 4 Ω.

Saboda haka ka nemi layin da ke nuna mafi ƙanƙantar turjiya a takardar bayanin sifikar. Kamfanonin da suka san abin da suke yi sukan rubuta shi. Idan amfilifayarka ta yarda da 4 Ω, kusan kowace ƙaramar sifika ta halatta gare ka. Idan iyakarta 6 Ω ce, ka tsaya a kan sifikoki masu 6 ko 8 waɗanda ba sa sauka can ƙasa. Idan kuma 8 Ω ce iyakarta, kamar yadda ake samu a wasu tsofaffin na'urori da ƙananan amfilifayoyin da ke zuwa cikin saiti, ka nemi mai 8 Ω ta gaskiya, ka bar masu 4 Ω komai daɗin sautinsu. Haɗa sifika mai 4 Ω da amfilifayar da ba ta shirya mata ba ba ya fashewa nan take. A ƙaramin sauti ma ba za ka ji bambanci ba. Matsalar tana fitowa ne idan an ɗaga sauti na tsawon lokaci, murfin na'urar ya yi zafin da hannu ba zai jure ba, ta riƙa kashe kanta, ko kuma idan tsohuwa ce marar kariya, taransistocinta su ƙone. Akasin haka ba shi da haɗari: sifika mai turjiya sama da iyakar amfilifaya sauƙi take kawo mata.

Mataki na huɗu: yawan ƙarar da sifika ke bayarwa

Wannan shi ne wurin da mai ƙaramin aljihu ya fi cin riba idan ya fahimce shi. Kowace sifika tana da lamba da ke nuna yawan ƙarar da take fitarwa idan aka ba ta wat 1 aka auna daga nisan mita 1, kuma ana rubuta ta da desibel, misali 86 dB. Ƙananan sifikoki galibi suna tsakanin 83 da 89 dB. Tazarar kamar ba ta da yawa, amma lissafin desibel ba irin na yau da kullum ba ne: duk ƙarin 3 dB yana buƙatar ninka wutar amfilifaya sau biyu. Sifika mai 85 dB tana buƙatar wat 60 kafin ta kai ƙarar da mai 88 dB za ta kai da wat 30. Kuma kafin kunne ya ji cewa sauti ya ninka, sai an ƙara kusan 10 dB, wanda ke cin wuta ninki goma.

Ga yadda za ka yi lissafin da kanka. Ɗauki sifika mai 86 dB. Da wat 1 tana ba da 86, da wat 2 tana ba da 89, da 4 ta kai 92, da 8 ta kai 95, da 16 ta kai 98, da 32 ta kai 101. To amma ba a mita 1 kake zama ba. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka ana rasa 6 dB, don haka a mita 3 an rasa kusan 9 ko 10; sifika ta biyu tana maido da kusan 3, bangon ɗaki ma yana maido da wani abu. Ke nan amfilifaya mai wat 30 zuwa 40 da irin wannan sifika za su iya kai wa wajen 95 dB a kujerar da kake zaune. Sauraro mai daɗi a ɗaki yana tsakanin 70 da 80 dB, sauran kuma ajiya ce don lokacin da ganga ta buga ko mawaƙi ya ɗaga murya, wanda kan haura matsakaicin sauti da 10 zuwa 15 dB na ɗan ƙiftawar ido. Lissafin ya nuna cewa wannan haɗin ya wadatar. Da a ce amfilifayar wat 15 ce, ɗakin kuma babba, sai a nemi sifika mai 88 dB ko sama, irin waɗanda Klipsch ta shahara da su saboda ƙahon da take sa wa tuwita, wato ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti, ko da yake lambobin da ake bugawa a talla sukan ɗara abin da masu awo masu zaman kansu suke samu.

Akwai wata dabara a rubutun lambar da ya kamata a lura da ita. Kamfanoni da yawa suna rubuta 2.83 V a maimakon wat 1. A kan 8 Ω, bolt 2.83 daidai yake da wat 1, amma a kan 4 Ω wat 2 ne. Saboda haka sifika mai 4 Ω da aka rubuta wa 88 dB a kan 2.83 V, a ma'aunin wat 1 tana 85 dB ne kawai, kuma idan kana kwatanta ta da mai 8 Ω sai ka cire mata 3.

Mataki na biyar: lambar wat da ke jikin sifika

Idan aka rubuta wa sifika 20–100 W, ana nufin amfilifaya mai ƙarfi tsakanin waɗannan lambobi ta dace da ita. Ba wutar da take sha ba ce, ba kuma alamar ƙara ba ce. Muddin amfilifayarka ta faɗa cikin wannan zango, ka wuce wurin. Ko da ta ɗan zarce, babu damuwa ga wanda yake rage sauti idan ya ji ya fara ɓaci.

Haɗarin da aka fi gani yana zuwa ne daga ɗaya ɓangaren. Ƙaramar amfilifaya idan aka matsa mata fiye da ƙarfinta, sai ta datse kan igiyar sautin, sautin ya yi kaushi yana tsaga kunne, kuma a wannan hali wuta mai yawa tana kwarara zuwa tuwita, wato ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti, wanda zaren wayarsa bai fi gashi kauri ba sosai. Tuwitoci masu yawa sun ƙone ta wannan hanya a hannun amfilifayoyi marasa ƙarfi. Da zarar ka ji sauti ya yi tauri, ko ka ga ƙara murɗa maɓalli ba ya ƙara komai sai hayaniya, ka koma baya.

Mataki na shida: ɗaki da wurin ajiya

Masana sauti suna da wata ƙa'ida da ake dangantawa da Josef Anton Hofmann, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin sifika na KLH: ƙaramin akwati, da zurfin bes, da yawan ƙara a kan wuta kaɗan, biyu kawai ake iya samu a cikin ukun nan. Ƙaramar sifikar da ke sauka can ƙasa a bes dole ta ci wuta, wadda kuma ke da ƙara a kan wuta kaɗan dole ta sadaukar da bes. Shahararriyar LS3/5a da BBC ta tsara a shekarun 1970 don motocin ɗaukar shirye-shirye a waje misali ce: ƙarama ƙwarai, muryar mutum tana fita a cikinta tsaf, amma ƙararta wajen 83 dB take kuma ba ta da zurfin bes. Duk tallar da ta yi maka alkawarin ukun gaba ɗaya a ƙaramin akwati mai araha, ka yi mata kallon tsanaki.

Igiyar da ta fi kauri a gitar bes mai igiya huɗu tana kaɗawa a kusan 41 Hz, wato sau 41 a daƙiƙa, yawancin ƙananan sifikoki kuma suna fara janyewa tsakanin 50 da 65 Hz. Idan za ka kwatanta wannan lamba, ka tabbata an rubuta ±3 dB a gefenta, domin wadda aka auna a −6 ko −10 dB za ta nuna zurfin da kunne ba zai samu ba. Ga ɗaki ɗan madaidaici da ake zama mita 2 daga sifika, wufa, wato babban bakin da ke fitar da bes, mai inci 5 ta isa. Ga falo mai faɗi, mai inci 6.5 ta fi cika wuri ba tare da wahala ba. Daidai ruwa daidai tsaki: babbar sifika a ɗan ƙaramin ɗaki bes ɗinta kumbura yake yi ya rufe murya.

Sai ka duba inda ramin iska yake. Sifikoki da yawa suna da wani rami zagayayye da ke ƙarfafa bes, a gaba ko a baya. Mai rami a baya tana son a bar mata aƙalla santimita 20 zuwa 30 tsakaninta da bango, wata ma fiye. Idan ka san a kan kanta za ta zauna, bayanta manne da bango, ka zaɓi mai rami a gaba ko rufaffiya marar rami ko kaɗan, wadda bes ɗinta ba shi da yawa amma a tsare yake. Wasu kamfanoni suna haɗo ɗan soso na toshe ramin, kuma yana taimakawa sosai. Ka auna zurfin kantar kafin ka fita, domin sifikoki da yawa na zamani sun fi zurfi fiye da yadda suke nunawa a hoto, kuma ramukan waya suna ƙara wasu santimita a baya.

Mataki na bakwai: rabon kuɗi, da batun ta hannu

Kada ka zuba duk abin da ka tanada a kan sifikar kanta. Ka ware wani kaso don ƙafafun ɗora ta idan babu kanta mai ƙarfi, domin sifika mai matsakaicin daraja da aka ɗora daidai kunne ta fi mai tsada da aka ajiye a ƙasa ko aka cusa a lungu. Waya kuwa ba ta cancanci kuɗi mai yawa ba: ta jan ƙarfe zalla mai kaurin 1.5 mm² ta isa ga 'yan mitoci, mai 2.5 mm² kuma idan nisan ya yi yawa ko sifikar mai 4 Ω ce. Kamfanoni irin su Wharfedale, Q Acoustics, Elac, Dali da Monitor Audio duk suna da jerin ƙananan sifikoki na masu farawa, kuma idan sabon samfuri ya fito, wanda ya gabace shi yakan sauko a farashi alhali bambancin sautinsu kaɗan ne. A ganina nan ne ciniki mafi kyau yake ga mai son sabuwa.

Sifika tana daɗewa idan ba a wulaƙanta ta ba, shi ya sa ta hannu take da daraja, amma sai an bincika. Cire ragar gaba ka dubi zoben da ya kewaye wufa. Idan na roba ne, ka duba tsagewa. Idan na soso ne, ka taɓa shi a hankali, domin soso yana ruɓewa da shekaru har ya riƙa marmashewa a yatsa, ko da yake ana iya canza shi. Ɗora yatsu a kewayen tsakiyar wufar ka tura ta ciki kaɗan, daidai wa daida: ya kamata ta shiga ta dawo shiru, idan ka ji tana gogawa kamar yashi a ciki, naɗin wayarta ya taɓa yin zafi ya karkace, ka bar ta. Kada ka taɓa ƙoƙon tuwita. A maimakon haka, a kunna kiɗa a ƙaramin sauti ka kai kunnenka kusa da kowace tuwita ka tabbatar duka biyun suna aiki kuma ƙararsu ɗaya. Idan akwai mitar awon lantarki, ka auna tsakanin ja da baƙi ba tare da waya a haɗe ba: mai 8 Ω takan nuna tsakanin 5 da 7, mai 4 Ω kuma wajen 3, kuma abin da ya fi muhimmanci shi ne sifikokin biyu su nuna lamba kusan ɗaya.

Mataki na takwas: sauraro

Bambancin sauti tsakanin sifika da sifika ya fi na tsakanin amfilifaya da amfilifaya nesa ba kusa ba, don haka kunnenka ne zai yanke hukuncin ƙarshe a cikin biyu ko ukun da lissafi ya tace maka. Ka je da waƙoƙin da ka sani ciki da waje, har da wanda murya ce kawai da kayan kiɗa ɗaya, domin kunne ya fi saurin gane ƙarya a muryar mutum. Idan za ta yiwu ka tafi da amfilifayarka, ko ka sayi sifikar a inda aka yarda a mayar idan ba ta dace ba. Wajen kwatantawa ka daidaita ƙarar su biyun, saboda wadda ta ɗan fi ƙara kullum ita ce take kamar ta fi daɗi. Ka yi hattara da sifikar da ta burge ka a minti na farko da ƙyalƙyalin siririn sauti. Irin wannan ce take gajiyar da kunne bayan rabin awa, musamman a ɗaki mai tayil da gilashi marar labule ko kafet.

Mataki na tara: haɗawa da gwajin farko

A kashe amfilifaya kafin a taɓa waya. Ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi, a ɓangarorin biyu; idan aka juya ɗaya, bes zai ɓace kuma murya za ta rasa mazauni a tsakiya. A murɗe silin wayar sosai kada ko ɗaya ya fito ya taɓa maƙwabcinsa, domin sili guda ya isa ya haɗa wuta ya lalata amfilifaya. Tuwita ta kasance daidai tsayin kunne idan kana zaune, tazarar da ke tsakanin sifikokin ta yi kusan daidai da tazarar kowace zuwa kujera, a ɗan karkato su ciki. Idan a kanta suke, a jawo su har fuskarsu ta zo daidai bakin kantar, a sa ɗan roba a ƙarƙashinsu don kada katako ya riƙa amsawa.

Ka fara da sauti a ƙasa, maɓallan bes da na siririn sauti a tsakiya. Bayan rabin awa a ƙarar da ka saba saurare, ɗora hannu a kan murfin amfilifayar. Ɗumi ba matsala ba ne, amma idan ba ka iya barin hannunka a kai, ko na'urar ta kashe kanta, ka duba ko an toshe mata ramukan iska, ka tabbata wurin sifikoki na B a kashe yake, sannan ka sake duba wayoyin. Idan duk waɗannan lafiya suke kuma zafin bai ragu ba, turjiyar sifikar ta fi ƙarfin amfilifayar, kuma gara a mayar da ita tun wa'adin mayarwa bai wuce ba.